Gwajin Wofi na Mang Oding

Jirgin ƙasa na Cicalengka yana sauke Mang Oding Sutarya, wato Kawu Oding, a birnin Bandung da ƙarfe shida da rabi. Kafin bakwai yana ƙofar ɗakin gwajinmu, a ƙasan bene, bayan ɗakin da ake tara karyayyun kujeru. Ba ya shiga kai tsaye. A bakin ƙofar akwai jan layi da ya ja da fenti shekara tara da suka wuce, da kwanon ruwa, da sabulu marar ƙamshi. Yakan rataye rigar sanyinsa a waje, ya wanke hannu har gwiwa, ya tsaya su bushe da kansu, don bai yarda da tawul ba. Sai ya sa safar hannu ya tsallake layin. Ya duba ma'aunin iska, ya rubuta lambar a littafi, ya kara kunne a jikin famfon zuƙe iska na kamar minti ɗaya. Bayan nan ne yake gaida mutane.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya, yana da shekara hamsin da takwas. Babu hotonsa a bangon sashe inda aka jera na farfesoshi, kuma ba za a sa ba. Shi ya sa na rubuta wannan.

Da yawa a sashenmu ba su san abin da muke yi a ƙasan bene ba, don haka ga shi a taƙaice. Tsakanin taurari akwai gizagizai masu duhu, na gas da ƙura, kuma a cikinsu ake haihuwar sababbin taurari. Sanyin wurin ya kai digiri ɗari biyu da sittin da uku ƙasa da sifili. Ƙurar ba ta fi ta hayaƙin taba girma ba, kuma kowace ƙwaya tana sanye da rigar ƙanƙara. A kan wannan rigar ne ƙwayoyin zarra suke haɗuwa su zama ruwa, su zama sinadarin metanol, su zama abubuwan da suka fi haka girma. Ba mai iya zuwa ya ɗebo mana. Sai muka kwaikwayi wurin a cikin tukunyar ƙarfe, mai girman wadda ake turara shinkafar biki. Muna zuƙe iskar cikinta tas. A tsakiya akwai ɗan faranti mai ruwan zinariya, bai fi tsabar rupiya dubu faɗi ba. Mu sanyaya shi, mu fesa masa gas ya daskare, mu haska masa fitila mai irin hasken taurari. Daga nan mu ɗumama shi a hankali, wata na'ura da muke kira sikeli tana auna nauyin duk ƙwayar da ta tashi.

Abokin gabar Tukunya shi ne duk abin da ya fito daga duniyar nan: zufa, numfashi, maiƙon yatsa, laimar damina. Aikin Mang Oding shi ne ya hana Bandung shiga.

Na dawo daga Holan da digiri na uku da akwatuna bakwai. Tsohuwar tukunya ce malamina ya ba ni kyauta, tasu sabuwa ta iso. Na nemi injiniya. Aka turo mini wani ɗan gajeren mutum mai sanƙo, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a masana'antar ƙwan fitila yana zuƙe iska daga ƙwai, daga baya ya dawo sashenmu yana gyaran firij. Na faɗa a gabansa cewa ba mai gyaran firij na nema ba.

Ya zagaya akwatunan sau ɗaya, ya kira ni yadda ake kiran ƙaramar yarinya, ya ce, "Neng, ai wannan ma firij ne. Kifi ne kawai ba a sa masa."

Muka haɗa ta. Sati uku famfo yana aiki, ma'auni ya ƙi sauka inda ake so. Ina ta aika wasiƙu Holan, suna ta turo mini zane-zane. Wata safiya ya ce, "Iska ce ta shige ta." Kalmar da muke faɗa wa mura da ciwon jiki da kumburin ciki, wato shigar iska, ita ya ɗora wa injin da ya fi gidansa tsada. Na ce masa na san akwai kafa, inda take nake nema. Ya ɗauko sirinji ya cika da sifirit. Ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa, ya tsaya ya kalli allurar ma'auni, ya matsa gaba. Kwana huɗu ya yi a haka. A rana ta huɗu allura ta yi tsalle. Ya kwance wani bawul, marufin hanyar iska, ya zaro abu da hantsaki ya ɗaga shi ga haske. Silin gashi ne, dogo, ruwan zinariya.

"Ga tsarabarki ta Holan," in ji shi.

Tun ranar yake kira na 'Yar Holan idan na yi masa iyayi, Neng idan muna zaman lafiya.

Abin da ban zata ba shi ne tambayoyinsa. Mukan ci abincin rana a kan matattakala, bayan jan layi, shi da shinkafarsa a ganyen ayaba da shayi ba sukari. Wata rana ya ce, "Neng, a sanyin da ko ƙarfe sai ya tsage, wa ke da ƙarfin haɗa wani abu da wani?"

Na ce masa a sarari ƙwaya biyu ba sa cika haɗuwa, wurin ya yi faɗi da yawa. In ma sun haɗu, zafin karon ne yake sake raba su, don babu inda za su sauke shi. A kan ƙura kuwa suna maƙalewa, su yi ta rarrafe har su gamu, ƙurar ta shanye zafin, su zauna tare.

Ya tauna shinkafarsa ya ce, "Ashe bencin mai kofi ne. Mutum biyu su yi karo a tsakiyar titi, zagi ne, kowa ya kama gabansa. A benci kuwa ga mai kofi yana cewa ku yi haƙuri, ku sha da zafinsa. Kafin la'asar sun zama surukai."

Shekara takwas ke nan ina amfani da wannan misalin a aji. Yau ne na fara faɗin mai shi.

Wata rana kuma na gaya masa cewa masana suna ganin wani kaso na ruwan duniya a kan irin wannan ƙurar aka yi shi, tun kafin a yi rana. Ya leƙa cikin kofinsa ya daɗe. Ya ce, "Shi ya sa Ecin take cewa shayin ofishinmu ya kwana." Ecin matarsa ce. Washegari ya dawo da tambaya uku a bayan tikitin jirgi, biyu daga ciki sai da na duba littafi.

Bu Yayah, malamar kemistiri da ofishinta yake samanmu, ita ta ba ni labarin ranar girgizar ƙasa, don ina aji lokacin. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe bene ya fara rawa, kowa ya yi waje. Tana saukowa ta ga mutum ɗaya yana gudu yana komawa ciki, Mang Oding ne. Ta kira shi bai waiwayo ba. Ya shiga ya rufe babban bawul tsakanin famfo da Tukunya, don in famfon ya tarwatse yana juyawa, tarkacensa cikinta za su zuba. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne, da ya fito sai ya koma ya rubuta a littafi cewa ya tsallake layi bai wanke hannu ba.

Kai ne mai rubuta laifinka da hannunka, Mang, ranar da ba wanda zai tambaye ka.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

A shekararmu ta huɗu aka ce kwamiti zai zo ya duba ɗakin. Ko a bar shi, ko a mai da shi ɗakin kwamfutoci. Shekara huɗu ba mu fitar da komai ba sai metanol, wanda wasu suka riga mu yi tun ina sakandare. In an rufe, ni zan koma koyarwa, ba abin da zai same ni. Kujerar Mang Oding kuwa a jikin ɗakin take. Za a sallame shi shekara biyar kafin lokacinsa.

Sati biyu kafin zuwan kwamiti, sikeli ya nuna abin da bai taɓa nunawa ba. Ƙwaya mai nauyi ɗari da hamsin da huɗu. Metanol talatin da biyu ne. Wannan kuwa ƙwayoyin zarrar kabon har goma ne a jikinta. Na sake gwajin sau uku, sau uku tana fitowa. In gaskiya ne, mun nuna cewa ƙanƙarar gizagizai tana iya gina abu mai girman da ba wanda ya taɓa gani a irin gwajin nan, kuma a ƙasan bene a Bandung aka fara gani. Shugaban sashe, Farfesa Sasmita, ya sauko da kansa, karo na farko tun da aka buɗe ɗakin. Ya ce ranar Juma'a a gaban kwamiti za a sanar, kuma zai gayyato 'yan jarida.

Ranar Litinin Mang Oding ya ajiye littafinsa a gabana ya ce, "Ba a yi gwajin wofi ba."

Gwajin wofi shi ne a yi komai yadda aka saba, amma a bar fitilar a kashe. Ba haske, ba abin da zai haɗu. In abin ya fito duk da haka, to ba a cikin Tukunya aka yi shi ba, daga waje ya shigo. Kwana uku yake ci, kuma galibi ba ya nuna komai. Ba mai son sa.

Na ce, "An yi wancan watan, Mang. Ga shi nan a littafinka, fes."

"Kafin ki canja zoben roban bututun gas, ko bayan?"

Kwanakin baya ya yi kwana biyu a ƙauye wajen jana'izar surukarsa, zoben ya tsage, na sayo sabo na sa da kaina. Na sa safar hannu. Na wanke har gwiwa. Na faɗa masa haka, da murya mai ɗan ƙarfi.

"Na yarda, 'Yar Holan. Kafin, ko bayan?"

"Kafin."

Farfesa Sasmita ya ji labari ya sake saukowa. Ya tsaya a bayan jan layi, don ko shi ba a bari ya tsallake.

"Mang, ka san in aka rufe ɗakin nan kai ne za ka fara tafiya?"

"Na sani, Farfesa."

"To ka bari Juma'a ta wuce. Ranar Litinin ka yi gwajinka har sau goma, ba mai hana ka."

"Magana zarar bunu ce, Farfesa. In ta fita a jarida ba Litinin ɗin da za ta mai da ita."

"Digirin wa ke rataye a ɗakin nan?"

"Na Neng. Sunanta kuma zai hau jaridar, ba nawa ba, ba naka ba."

Suka juyo suna kallo na. Zan faɗi gaskiya, tunda ita ake yabo a nan: ban so a yi gwajin ba. Na riga na fara rubuta wasiƙar da zan aika wa malamina. Na kuma gaya wa kaina cewa don Mang Oding nake so a jinkirta. Amma mutumin da nake cewa ina karewa shi ne tsaye da littafi a hannu yana jira. Na ce a kashe fitila.

Ranar Alhamis da hantsi muka fara ɗumama farantin. Mu uku ne, da Bu Yayah da ta sauko kallo. Gas ɗin da muka fesa ya tashi, ruwa ya tashi. Sai ga ɗari da hamsin da huɗu, tsaf, da yawanta kamar kullum. Ba fitila, ba komai.

Mang Oding ya nufi bututun gas. Ya rufe bawul, ya kwance bututun, ya zaro zoben da hantsaki. Ya kai shi hanci. Sai ya miƙo mini.

"Ban ji komai ba," na ce. Bu Yayah ma ta shinshina ta girgiza kai.

"Ba za ku ji ba. A jikinku yake. Neng, ranar da kika sayo zoben nan lafiyarki ƙalau?"

Ba ƙalau ba. Ruwa ya doke ni a kan babur, iska ta shige ni, mahaifiyata ta shafe mini wuya da baya da man kayu putih, ta jefa kwalbar a jakata. Ƙaramar koriyar kwalbar man zafin nan da babu jakar mace a garin nan da ba ta da ita. Murfin bai rufu sosai ba. Zoben ya kwana a jakar, ledarsa a buɗe, roba kuma tana shan ƙamshi. Bu Yayah ta hau sama ta dawo da littafi. Babban sinadarin da ke cikin man, nauyinsa ɗari da hamsin da huɗu. Kabon goma.

Ta zauna a kan matattakala tana dariya har da hawaye. "Kin gano man zafi a sararin samaniya, Dakta. Su ma taurarin iska tana shigar su."

Shekara shida na yi a Holan. An koya mini jerin abubuwan da ke gurɓata gwaji, shafi huɗu, har da man gashi da hayaƙin mota. Man kayu putih ba ya ciki, don ba mai shafa shi a can. A nan kuwa da shi ake shafe mu tun ranar haihuwa, har hancinmu ya daina jin sa. Mang Oding ya daina shafawa tun ranar da aka haɗa Tukunya, ya bar taba mai kanumfari, ya bar turare. Bai gaya wa kowa ba. Hanci ɗaya ne a duk benen da zai iya jin ƙamshin, kuma shekara huɗu ya yi yana tanadin sa.

Ranar Juma'a ba ɗan jarida. Na tsaya gaban mutum biyar na ce musu mun ga abu, mun gwada shi, ya faɗi, ga dalili. Farfesa Sasmita yana kallon silin. Wata tsohuwar farfesa da ta zo daga Yogyakarta ta tambayi wa ya nemi a yi gwajin wofi ana saura kwana huɗu. Aka kira shi. Ta karɓi littafinsa ta yi minti arba'in tana karantawa, sauran suna duba agogo. Ta tsaya a shafin ranar girgizar ƙasa, ta kalle shi ta saman tabarau, ta ci gaba.

Sun ba mu shekara biyu, uku sun yarda, biyu sun ƙi. Ban san ko littafin ne ya jawo ba, ko kuwa kwamfutocin ne ba su iso ba. Ba zan ce gaskiya tana biya kullum ba, ban ga shaidar haka ba. Abin da na gani shi ne mutum ya zaɓe ta ranar Litinin, bai san abin da Juma'a za ta kawo ba. Farfesa Sasmita ya yi zangon karatu guda ba ya amsa gaisuwar Mang Oding. Mang Oding bai fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Daga baya aka ƙara mana lokaci, muka fitar da takardun bincike uku, duka ƙanana, a kan yadda yawan ruwa a cikin ƙanƙara yake canja yawan metanol da ake samu. Masu aiki da manyan na'urorin hangen nesa suna amfani da lambobinmu, kuma ba wanda ya taɓa dawo mana da su. A ta ukun sunansa yana sama, bayan nawa. Da na nuna masa ya tambaya ko sai ya sayi kwat.

Kai ne ƙurar da ba a gani, Mang. Masu suna suna haɗuwa a kanka, kai kana shanye zafin. Kai ne mai hancin da ya fi digirina. Kai ne ka koya mini tambayar da ba ta cikin shafi huɗun: wannan abin a nan aka yi shi, ko da shi muka shigo? Har a makonka na ƙarshe ka juya ta sama, ka ce su gizagizan wa ke yi musu gwajin wofi, wa ya san ko abin da ake gani a cikin ɗaya ba gadonsa ya yi daga wani da ya riga shi ba. Na ce maka masana suna ta gardama a kai har yanzu. Ka ce madalla, kar su gama kafin ka samu lokacin karantawa.

Na gode. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan, kuma ba ka son dogon bayani.

Ga masu karatu: a kowane ɗakin gwaji, kowane asibiti, kowane wurin gyara, akwai mai wanke hannu har gwiwa ba wanda ya sa shi. Ku nemi sunansa yau, kar ku jira ranar ritayarsa kamar ni. In kuma kuka ga sakamakon da kuke matuƙar so ya zama gaskiya, ku kashe fitila ku sake gwadawa.

Ranar Juma'ar ritayarsa matarsa, Bi Ecin, ta zo ɗaukar sa, da kwandon soyayyen rogo na rabo. Ta tare ni a matattakala.

"Ke ce Neng ɗin? Shekara tara ina da miji mai tari duk damina, ba dama in shafa masa mai, wai taurari za su ji."

Na ce ni ce, kuma na zo da diyya. Na miƙa masa ƙunshin. Ya taɓa ya gane kafin ya buɗe. Kwalba ce babba, koriya, na naɗe murfinta da salatif sau uku, na sa ta a leda biyu. Ya kalli jan layi, ya kalli ƙofar da ba zai sake buɗewa ba. Ya riƙe ƙunshin nesa da jikinsa, ya hau matattakala, ya ratsa baranda, ya fita tsakar gida. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga don ya ji inda iska ta nufa. Ya matsa taku goma zuwa gefen da ba za ta kaɗa wa tagarmu ba. A nan ya buɗe.